Yajin Abak da Matar Bakin Gada

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan La'asar

Zuwa gare ka, ya kai Littafi Mai Alfarma, ma'ajin asirai, amintaccen da ba ya tsegumi, wanda aka saya domin darasin nahawu amma ƙaddara ta ɗaukaka shi zuwa kundin tarihin gidanmu: gaisuwa, da jinjina, da rusunawa har goshi ya taɓa tabarma. Mai rubuta maka shi ne bawan ilimi Nofriadi ɗan Yusnimar, ma'abucin digirin adabi daga Padang, wanda har yau duniya ba ta kimtsa ɗaukarsa aiki ba, wanda kuma mahaifiyarsa ke kira da laƙabi mai sauƙi, wato "kai, tashi ka share tsakar gida".

Ina sanar da kai cikin ladabi cewa mahaifina, Abak, wato Sutan Mangkuto mawaƙi, ya yi yaji. Ranar Alhamis, bayan abincin rana, ya ɗauki riga biyu da baƙar hularsa, ya sauka daga matakalar gidan nan namu da ke bisa ginshiƙai, ya koma gidan ƙanwarsa Etek Ros a ƙetaren gada. Abin da Amak, wato mahaifiyata Yusnimar, ta faɗa a wajen cin abincin nan, a gaban danginta da suka zo daga Payakumbuh, ba zan rubuta shi ba. Ba don ya dame ni ba. Tawada ce ba ta da yawa.

A ƙasarmu gida na mace ne, kowa ya sani, miji kuwa shigowa ya yi. In ya fita cikin fushi ba ya dawowa da ƙafarsa ko da kewa za ta kashe shi, sai dangin matar sun je biko da tiren tagulla da ganyen sirih, wanda ake taunawa kamar goro. Wannan aikin Mak Dang ne, babban wan Amak. In an je, an shirya. In ba a je ba, an gama ke nan, ba sai wani ya furta ba, aure na shekara ashirin da bakwai ya bi ruwa.

Ni dai ɗan kallo ne. Ban damu ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi

Amak ta dafa shinkafar mutum uku. Mu biyu ne.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

Mak Dang ya kawo mana ziyarar aiki. Ya zauna a baranda, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, Amak kuwa tana ciki tana goga kwakwa kamar kwakwar ce ta yi mata laifi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Yus, namiji ya sha iska kwana biyu ba laifi ba ne. Ba wannan Juma'ar ba, ta sama, zan je in taho da shi."

Amak ta ce, "Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Shi ya sa zan je."

"To, ƙafarka ce."

Daga nan ya juyo gare ni ya ce, "Kai Digiri, ɗauko tiren nan ka goge shi da lemun tsami har in ga gashin bakina a ciki."

Na karɓi wannan muƙami da tawali'u. Amma na lura da abu guda: me ya sa sai Juma'ar sama? Mak Dang ya ce gaggawa tana zubar da darajar dangi. Na rubuta wannan uzuri, ban ce na yarda da shi ba.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan Magariba

Al'amari ya ɗauki sabon salo. Jiya da yamma Abak ya rera sabuwar waƙa a shagon shayin Uda Men, Angku Saidi yana busa masa sarewar gora. Wani ya naɗa a waya. Waƙar ta je Pekanbaru wajen yayata Uni Delvi, ita ce ta turo mini. Ka duba wannan abin mamaki, ya Littafi: waƙa ta ƙetare lardi guda kafin ta ƙetare gadarmu. Ga baitocin da suka fi muhimmanci:

Na dasa kirfa a gonar da ba tawa ba,
ta girma, ni ne baƙo a inuwarta.
Na san matakalar da ke kuka in an taka,
ran da na sauka, tsallake ta na yi.
Ke mai laima ruwan ɗorawa a bakin gada,
ban ce ki jira ba, ban ce ki tafi ba.
Ruwa ya ɗauke, laima ta naɗe,
waƙa komai tsawonta tana da baitin ƙarshe.

An ce da ya gama ba wanda ya tafa. Uda Men ya manta ya zuba ƙwai a shayin ƙwai na mutum biyu.

Na saurare ta sau da yawa, domin bincike kawai. Muryar Abak ta ɗan karye a baitin ƙarshe. Mai yiwuwa wayar ce.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Yau na zauna zaman fashin baƙi, da alƙalami ja da baƙi, kamar yadda aka koya mana.

Maganar kirfa da gonar da ba tasa ba, wannan ba ya buƙatar digiri. Duk wanda ya ci abincin Alhamis ya san inda ta dosa. Na wuce ta.

Maganar matakala kuwa, gaskiya ce tsagwaronta. Ta uku daga ƙasa tana kuka, kuma tun ina firamare Abak ke cewa gobe zai gyara ta. Sai dai mai nazari ba ya tsayawa a fatar magana. Tambaya ita ce: mutumin da ya ƙware wajen tsallake matakala mai kuka, a ina ya sami ƙwarewar? Wane ne ke buƙatar sauka daga gida ba a ji shi ba?

Sannan uwa uba, mai laima. Na bincika gidan nan daga ɗaki har rumbun shinkafa. Laimar Amak baƙa ce, ƙashinta ɗaya a karye. Laimar Uni Delvi da ta bari mai furanni ce. Ba laima ruwan ɗorawa a zuriyarmu, ba a taɓa yi ba a iya sanina. To wace ce ke tsaye a bakin gada, wadda mawaƙi bai ce ta jira ba, bai kuma ce ta tafi ba? Namiji ba ya faɗa wa matarsa haka. Wadda yake ajiye da ita a gefe yake faɗa wa.

Ban so wannan sakamako ba. Ilimi ne ya kai ni.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan La'asar

An yi ruwa tun safe, wanda ya ba ni damar gudanar da ƙidayar laimomi a bakin gada. Ban daɗe ba na ga abin da kullum nake gani ban taɓa kallo ba. Uni Asni mai lontong, wato curin shinkafar da ake dafawa cikin ganye, wadda mijinta ya rasu shekarun baya, teburinta yana daidai bakin gadar, kuma bisa teburin akwai wata ƙatuwar laima. Ba sai na faɗi kalarta ba.

Ta ce, "Digiri, ka tsaya a ruwa kamar turken awaki. Za ka ci ne ko kallo ka zo?"

Na ce, "Nazari nake yi, Uni."

"To nazarci faranti ɗaya, da miyar ɗanyen ɗan itacen jaka. Abak ɗinka ma nan ya karya. Ko rabi bai ci ba. Mutumin nan ya rame, ku ji tsoron Allah."

Na ci, domin kada ta gane ana bincikenta. Amma ka auna maganarta, ya Littafi. Ta yaya mace za ta san namiji ya rame, in ba ta san ƙibarsa ba?

Lontong ɗin ya yi daɗi. Wannan ma na sa shi cikin abubuwan zargi.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da yamma

Shinkafa ta yi saura.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan Azahar

Bisa kuskuren hanya na wuce ta ƙofar gidan Etek Ros. Da na sake yin kuskuren, sai ta leƙo ta taga.

"Shigo mana, ɗan masu gida. Ko mu baƙi ba a hawa matakalarmu?"

Na hau. Abak yana baranda yana gyaran kejin kurciya. Ya yi aski. Ban san wanda ya yi wa askin ba.

Ya ce, "Ka ci abinci, Nof?"

"Na ci, Abak."

"Rufin kicin yana yoyo?"

"Kaɗan. Amak ta tara roba."

Ya ci gaba da lanƙwasa wayar kejin. Na yi niyyar gabatar masa da tambayar da ta kawo ni, amma da na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayarsa game da ma'aunin baiti na biyar.

Ya ce, "Waƙa ce, Nof. In ta yi maka daɗi ka saurara, in ba ta yi ba ka kashe wayar."

Ka ji amsar mai kauce wa shari'a. Da zan tafi ya miƙo mini ayaba biyu daga gonar Etek Ros, bai ce ta wa da wa ba ce. Na ajiye ɗaya a kicin. Da yamma ban gan ta ba, ban kuma ga ɓawon ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

Uni Delvi ta kira. Na fara gabatar mata da sakamakon bincike, ta katse ni tun ina gabatarwa.

"Nofri, don girman Allah ka rufe bakinka zuwa Juma'a. Ka ji ni? Kada ka fassara wa kowa komai. Ko alamar hanya ka gani, ka wuce ta ba sharhi."

Na ce tarihi zai hukunta masu danne ilimi. Ta ce in ta zo ita za ta hukunta ni da muciya. Me ya sa take son a yi shiru? Ita ma na sa mata alamar tambaya da jan alƙalami.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan La'asar

Mak Dang ya zo duba tire. Ya ga gashin bakinsa a ciki, ya gamsu. Ya riga ya sa an tsinko ganyen sirih, ya kuma gaya wa dattawa biyu da za su raka shi. Amak tana gona.

Yana juya tiren sai ya ce, "Kai, waƙar nan da ake ta yayi, ni kukan kawai na ji. Ku masu boko me kuka gani a cikinta?"

Ya Littafi, tun da na dawo daga Padang ba wanda ya taɓa tambayata me na gani a cikin komai. Shekara huɗu na karatu, ga ɗalibi ya zo da ƙafarsa, da hula, da furfura. Na kawo takarduna. Na bi baitocin ɗaya bayan ɗaya. Na yi bayanin matakala. Na yi bayanin laima. Ban ambaci sunan kowa ba, na dai ce duk mai ido yana iya zuwa bakin gada ranar ruwa.

Lacca ce mai kyau, ba don ni na yi ta ba.

Da na gama, Mak Dang ya miƙe. Ya ajiye tiren a ƙasa, ba a kan teburi ba. Ya sa hularsa a karkace ya sauka, matakala ta uku ta yi kuka.

Ina ganin ya fahimta sosai.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da hantsi

Amak ta wanke labule. Ta canza zanen gadon ɗakinta. Ta ce ƙura ce.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan Magariba

Ba a je ba.

Da aka idar da sallar Juma'a, mutane suna neman takalmansu a ƙofar masallaci, Mak Dang ya tsaya a kan dakali ya ce, da muryar da aka ji har wajen alwala, "Wallahi ƙafata ba za ta ƙetare gadar nan da tire ba. Wanda ke da mai jiransa a bakin gada, ya je ta ba shi ɗaki."

Abak yana nan, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Ya sunkuya ya ɗaura takalminsa a hankali, ya gyara hula, ya bi hanyar gada shi kaɗai. Angku Saidi ya bi bayansa.

An ce Etek Ros ta share gida tun asuba, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dafa naman rendang na tarbar baƙi.

A gidanmu Amak ta sa rigarta mai ɗinkin zare, ta zauna kusa da taga tana tsince shinkafa. Da Mak Dang ya aiko a gaya mata ya fasa, ba tare da dalili ba, sai ta ce, "Da ma wa ya aike shi?" Ta shiga ta cire rigar.

Ganyen sirih ya yi yaushi a kan tire. Wannan halin ganye ne, ba laifin kowa ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da rana

Ban damu ba. Kaina ne ke ciwo.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan La'asar

Uni Delvi ta kira ba sallama. "Wa ya zuga Mak Dang?"

Na ce ana gudanar da bincike.

"Nofri."

Na ce layin ba shi da kyau.

Na bi ta bakin gada. Uni Asni ta cire laimarta. Tana zaune cikin yayyafi, ta rufe tukunya da leda, ita kuwa ta yafa tawul. Matan da ke saye wajenta sun koma wajen wata a ƙofar makaranta. Ta dube ni, ba ta ce Digiri ba.

Na lura cewa cire laima yana iya zama ɓoye shaida. Na rubuta wannan, sannan na daɗe ina kallon abin da na rubuta.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Etek Ros ta zo da kanta, ta tsaya a ƙasa ba ta hau ba. Ta ce a ba ta sauran kayan wanta. Ranar Asabar zai bi motar da ke zuwa garin Jambi, ɗan'uwansu mai gidan abinci ya ce akwai ɗaki a bayan shago.

Amak ta amsa daga sama, "Ba su bushe ba."

"Yus, sati nawa ke nan ba su bushe ba?"

"Damina ce."

Kayan suna cikin kabad, a ninke, a goge. Ni na gani.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan Azahar

Har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin kunna wa Amak waƙar. Ni ma ban yi niyya ba. Na ɗauka tana gona, na kunna a baranda domin nazari na ƙarshe, sai na ji murya a bayana daga ƙofar kicin.

"Mai da ita baya."

Na mayar. Tana tsaye da wuƙa da albasa a hannu. Ta saurari kirfa, fuskarta ba ta motsa ba. Ta saurari matakala, ta ɗan yi tsaki. Da aka zo bakin gada sai ta ce, "Koriya ce."

"Na'am, Amak?"

"Laimar. Koriya ce. Shekara talatin ina gaya wa mutumin nan koriya ce, shi a dole ruwan ɗorawa. Uban naka ba ya bambance kala, ka ɗauka don me nake zaɓa masa riga?"

Na ce, cikin muryar da ba tawa ba, "Amak, ke ce a bakin gadar?"

"A'a, kakarka ce. Wa kake so ya zama?" Ta nuna wayar da wuƙa. "Kuma ƙarya yake yi a waƙa. Wai bai ce in jira ba. Da bakinsa ya ce, Yus, jira ni a gada, zan dawo daga biki kafin La'asar. Na jira har ruwa ya cika mini takalmi. Uwata ta kusa karya mini ƙafa."

Ta koma kicin. Can ta ce, "Sake kunnawa. Ka ƙara murya, ba na ji saboda man da ke soyuwa."

Ba mai a kan wuta. Albasar kuma ta yi mata yaji a ido ƙwarai, ɗaya tak da ita.

A fagen ilimi akan sami sabuwar hujja ta rushe tsohon ra'ayi. Wannan ba abin kunya ba ne ga masana. Haka aka koya mana. Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan La'asar

Na sami Mak Dang a bakin tafkin kifinsa, na gabatar masa da gyararren bugu na laccata.

Ya saurara, ya watsa wa kifi dusa, ya ce, "Koriya? Ai laimata ce. Yus ta ara, har yau ba ta dawo da ita ba."

Na ce alhamdulillahi, ke nan gobe sai a tsinko sabon ganye.

"Kai, Digiri, zo nan. Na yi rantsuwa ranar Juma'a a ƙofar masallaci, gaban liman da ladan da mai gyaran babur. Yanzu ka ce in haɗiye ta saboda laima ta canza kala?"

Na tunatar da shi cewa shari'a ta tanadi kaffara.

"Kaffara tana wanke rantsuwa a wurin Allah. Ba ta wanke ta a shagon Uda Men."

Na ce to wani ya kai tiren. Ya ce wa? Ƙannensa maza suna Malesiya. Mata ba ta bikon mijinta da kanta, ɗa ba ya bikon ubansa, in na ɗauki tiren nan gari zai yi dariya har jikokina su ji. Ya juya mini baya. Na ga kifin sun ƙoshi tuni, shi kuwa yana ta zuba musu.

A hanyar dawowa na tarar Uni Asni tana kokawa da sandar laimarta, iska na neman ƙwacewa. Na riƙe mata har ta ɗaure.

Ta ce, "Riƙe da kyau, Digiri. Yau dai karatunka ya yi wa wani amfani."

Na buɗe baki. Ta ce, "Rufe. Gobe ka turo uwarka ta sayi lontong a nan, mutane su gani. Shi ke nan abin da nake so daga gidanku."

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Azahar

Amak ta je kasuwa. Ta tsaya a bakin gada ta ci lontong a zaune, ta daɗe, har ta nemi ƙari. Ta dawo da wani jan zakara mai rai, ƙato, mai kallon raini, ta ɗaure shi a ginshiƙin ƙarƙashin gida.

Ta ce, "Nofri, ka iya yanka?"

Na ce a ilmance na san sharuɗɗan duka.

"Wato ba ka iya ba."

Ba zan ɓoye maka ba, ya Littafi, ni da jini ba ma zama wuri ɗaya. Ko hancin wani ya fashe, ni ake yi wa fifita. Tun da aka haife ni ba a taɓa yanka kaza a gidan nan ba sai da hannu ɗaya, kuma hannun yana ƙetaren gada.

Na ce, "In kai wa Mak Dang?"

"Hannunsa rawa yake."

"Liman fa?"

"Liman mahauci ne?"

"To in kai shi gidan Etek Ros a yanka in dawo da shi."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda aka kashe wa kuɗin makaranta a banza. "Zakaran nan ba ya fita daga gidan nan. Ka nemo wanda ya iya. Gobe nake son dafa shi."

Na zauna na yi fashin baƙin wannan zance, kuma a karon farko ina zargin mahaifiyata da makirci. An hana tire. An hana ganye. An hana dattawa. Amma na bincika al'ada ciki da waje, ban ga inda aka hana a kira mutum ya yanka kaza ba. Ban kuma ga inda aka yarda wanda ya yanka ya tafi bai hau ya ci ba.

Zakaran ya kwana yana hararata.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan La'asar

Bayan an sauko daga masallaci na sa farar rigar da na karɓi digiri da ita, na ƙetare gada ba tire ba ganye. Shagon Uda Men a cike. Abak yana buga domino da Angku Saidi, jakarsa ta tafiya a ɗaure kusa da ƙafarsa. A can lungu Mak Dang yana karanta jaridar da ta kwana biyu.

Na tsaya a tsakiya na gyara murya. Wani ya ce, "Ku yi shiru, Digiri zai fassara mana wata." Aka yi dariya. Ga abin da na ce, domin tarihi:

"Ya Sutan Mangkuto, sarkin masu murya, wanda sarewa ke bin bayansa kamar baiwa, madugun baitoci, fitilar bukukuwan wannan kwari daga gindin dutsen Sago har kasuwar Payakumbuh. Ni, mafi ƙanƙantar zuriyarka, ban zo da sunan dangi ba, domin ban isa ba. Ban zo biko ba, jama'a shaida ne, hannuna wayam. Ban zo a kan waƙa ba, na yi ritaya daga wannan fanni. Na zo ne a kan wata musiba da ta sauka a gidan Yusnimar, wadda malamai suka kasa, dattawa suka gaza, ilimin zamani ya durƙusa a gabanta."

Na tsaya. Abak bai ɗago ba.

Na ce, "Abak, akwai zakara. Ba mai yankawa. Don Allah ka zo ka yanka mana."

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya ba ni mamaki, domin a nan na sa ran ta. Abak ya daɗe yana kallon dominon da ke hannunsa.

Ya ce, "An wasa wuƙar?"

"Ba wanda ya iya, Abak."

"Gida cike da digiri." Ya kife dominon a teburi, ya miƙe, ya ɗauki hularsa. Jakar bai ɗauka ba, bai kuma ce a ajiye ba. Uda Men ya tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa. Daga bayan jarida Mak Dang ya ce, ba da kowa yake ba, "Yanka kaza ai taimakon musulmi ne."

Yanzu haka ina ɗakina. Daga ƙarƙashin gida ina jin wuƙa tana tafiya a kan dutse, daga kicin ina jin tafasar ruwa. Ba su yi wa juna magana ba tukuna. Motar Jambi tana nan gobe, ban san abin da zai faru ba, kuma ba zan fassara ba.

Sai dai wani sabon bala'i ya taso. Yanka yana buƙatar mai riƙe fukafukai. Murya biyu ke kiran sunana a lokaci guda, ɗaya daga ƙasa, ɗaya daga kicin.

Ya kai Littafi Mai Alfarma, na ba ka amanar gidanmu ban nemi ladan komai ba. Roƙona ɗaya ne. Zan shiga bayan kabad. In an tambaye ka, ka ce ba ka gan ni ba.